Yadda Na Ɓata wa Baba Sha'aibu Lamba

Cikin duk ranakun da na yi a ofishin wasanni, wadda ta ƙi fita raina ita ce Talatar da Koci Ramon ya manna takarda a jikin allo, na duba na ga ƙaryar da na rubuta da hannuna ta zama hukunci a kan dattijon da na fi ƙauna a duk kamfanin. A watan Fabrairu ne na 2015. Tunda ku biyun nan ne za ku karɓi littafin maki daga hannuna, ku zauna ku ji. Sau ɗaya zan faɗa, kun san ba na son maimaita magana.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Zuwaira. Da na gama sakandare a Katsina na biyo iyayena Riyad, inda mahaifina yake tuƙa bas ɗin ma'aikata a wani kamfanin bututu da ke Birnin Masana'antu na Biyu. Kamfanin yana da gidajen ma'aikatansa a cikin katanga guda, abin da ake ce wa kamfawun, da masallaci da kanti da filin wasa duk a ciki. Aka mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamata, ƙarƙashin kamfanin, aka ɗauke ni ƙaramar ma'aikaciya a ofishin wasanni. Mudir, wato manaja, shi ne a sama, sai mataimakinsa, sai ni a ƙasa. Aikina shi ne jadawalin fili da ba da aron kayan wasa. Littafin makin besbol kuwa ya faɗo hannuna ne saboda mai rubutawa ya tafi hutu bai dawo ba, kuma ni ce kaɗai ke iya zaman awa uku ban taɓa waya ba.

Besbol ba wasanmu ba ne, kuma ban ce dole ku so shi ba. Ni ma da farko gani nake mutane sun ƙoshi ne sun rasa abin yi. Amma ba za ki rubuta abin da ba ki gane ba, don haka ga shi a taƙaice. Mutum ɗaya yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, shi ne mai jifa. Yana jefa ƙwallo wajen mai bugu na ɗaya ƙungiyar, wanda ke riƙe da gora. In mai bugu ya doke ta, sai ya ruga tasha ta farko. Tashoshi uku ne, daga nan sai gida, kuma wanda ya zagayo gida ya ci maki ɗaya. Masu tsaron fili kuma aikinsu su cafe ƙwallon tun tana sama, ko su tsince ta su jefa wa mai tsaron tasha kafin mai gudu ya iso. In ta riga shi, ya fita. In aka fitar da mutum uku an gama zango ɗaya, sai a yi musanya. Mu zango bakwai muke yi, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da rana take barin mutum ya tsaya a waje.

Abin da ya shafe ku masu littafi shi ne wannan. In mutum ya hau tasha ta farko, dole ki rubuta yadda aka yi ya hau. Ko dai bugu ne, wato ya doki ƙwallon inda babu mai iya kama ta. Ko kyauta ce, wato mai jifa ya yi jifa huɗu a karkace, alƙali ya ce wuce. Ko kuma kuskure ne, wato da an fitar da shi, amma wani mai tsaro ya yar da ƙwallon. Biyun farko a kan mai jifa ake rubuta su. Na ukun a kan wanda ya yar. Ku riƙe wannan, duk labarin a kansa yake.

Baba Sha'aibu mutumin Damagaram ne, ya fi shekara ashirin da biyar a Riyad. Shi ne mai kula da filin: ban ruwa, yankan ciyawa, zana farin layi, daɓe tudu. Yadda ya zama mai jifa kowa ya san labarin. Wata rana ƙwallo ta gangaro inda yake aiki can bakin katanga, ya ɗauka ya wurgo ta, ta faɗa cikin safar hannun mai cafewa ba tare da mutumin ya motsa ƙafa ba. Aka ce ya sake, ya sake. Da aka tambaye shi inda ya koya, ya ce tun yana ƙarami shi ake sa wa korar tsuntsaye a gonar gero da hoge. Jifansa ba shi da ƙarfi, kamar yana miƙo maka goro ne, amma inda ya nufa nan take zuwa.

Mai tsaron tasha ta farko kuma Alhaji Garba ne, Bakano, shugaban ma'aikatan sito. Da shi aka kafa ƙungiyar tare da wasu 'yan Filifin, kuma tun da aka kafa ta ba wanda ya taɓa tsayawa a tashar nan sai shi. Kun san Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne. To waɗannan biyun sun mayar da abin sana'a. Ba a fara wasa sai an ji muryar Alhaji.

"Bawana, yau ma ka zo mana da hannun nan naka mai sanyi kamar kunun jiya?"

"Na zo, ɗan kasuwa," in ji Baba. "Kai dai buɗe tafin hannunka, ka ɗauka haja ake miƙo maka."

A wasa na biyu na wannan kakar, cikin Nuwamba, aka jefo wa Alhaji ƙwallo daidai ƙirjinsa. Ta doki bakin safar ta faɗi ƙasa, mai gudu ya taka tasha yana dariya. Na rubuta kuskure. Da aka gama zangon sai ga Baba ya nufo rumfar da nake zama, da gorar ruwansa, kamar inuwa ya zo nema.

"'Yata, me kika rubuta a na ɗazun nan?"

"Abin da ya faru, Baba. Kuskuren Alhaji."

"Goge."

"In goge me? Kowa fa ya gani."

"Kowa ya gani, gobe kowa ya manta. Takarda ba ta mantuwa." Ya rage murya. "Idonsa ne ya fara rauni, kuma ba ya so a sani. Dattijo ne, ga iyalinsa can a zaune. Ba a rubuta gazawar babba a ajiye don yara su riƙa buɗewa. Ki ce bugu ne, ki sa a kaina. Ni wa zai tambaye ni?"

Ni ba na raga wa kowa. Mudir kansa na taɓa gaya wa cewa jadawalin da ya tsara ba ya da kai ba ya da gindi. Amma Baba daban ne. Mutumin da ya shuka zogale da yakuwa a bayan tankin ruwa saboda ya ji mahaifiyata ta ce tana marmari, duk Alhamis ya ƙullo a leda ya ba ni in kai mata. Na yi tsaki a cikina, na ɗauki abin goge fensir na goge. Sai dai a gefen layin na ɗan ja wata ƙaramar alama. Kada ku ce hangen nesa ne. Haushi ne kawai, na ƙi yarda shafin ya zauna fes kamar ba a yi komai ba.

Daga nan abin ya zama al'ada. Alhaji ya yar, Baba ya waiwayo ya dube ni daga kan tudu, ni kuma in rubuta bugu in ja alamata. Tsohon kocinmu bai taɓa buɗe littafin ba, shi dai a ci wasa a ci shinkafar kabsa a watse. Kafin ƙarshen Janairu alamomin sun kai goma sha biyu.

Sai kwantiragin tsohon koci ya ƙare ya tafi. Wanda ya karɓa shi ne Ramon, injiniya ɗan Benezuwela, kuma a ƙasarsu besbol kamar ƙwallon ƙafa yake a wajenmu. Saura mako biyu wasan ƙarshe, wanda za mu yi da ƙungiyar masana'antar da ke maƙwabtaka da mu, na cin kofin kaka. Masu jifa biyu gare mu: Baba, da Edwin, wani ɗan Filifin mai aikin lantarki. Ramon wasa ɗaya tak ya gani, kuma Edwin ne ya yi jifa a ranar. Don haka ya shigo ofishinmu ya ce in ɗauko littafi. Da Turanci yake magana yana haɗawa da Larabcin titi.

"Ba ruwana da wa ya ci wasa wa ya faɗi," in ji shi. "Cin wasa aikin mutum tara ne. Abu ɗaya nake son sani: a kowane zango, mutum nawa mai jifa yake bari su hau tasha da laifin kansa. Ki haɗa bugu da kyauta, ki raba da yawan zangon da ya yi. Kuskuren masu tsaro ba ya ciki, ba laifinsa ba ne."

Ya ce sunan lissafin WHIP. In lambar ta kusanci ɗaya, mai jifa ne na gaske. In ta doshi biyu, mutum ya nemi wani wasan. Kuma wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi zai hau tudu ranar ƙarshe.

"Ido yana da son kai," ya ce yana buga yatsa a bangon littafin. "Wannan ba shi da shi."

Na zauna na ƙirga a gabansa. Edwin ya tashi da ɗaya da ɗigo huɗu. Baba ya yi zango talatin, mutum arba'in da takwas a kansa. Ɗaya da ɗigo shida. Tun kafin in gama rabawa na riga na cire sha biyun nan a zuciyata na ga abin da zai rage. Ramon kuwa sai yabo yake. Ya ce bai taɓa ganin littafi mai tsabta irin wannan ba a wasan ma'aikata. Har ya ɗaga gira ya ce, "Mai tsaron tasha ta farkon nan ko kuskure ɗaya bai yi ba duk kakar? Masha Allah, sai na gaisa da mutumin nan." Ni mai baki, ni da ake cewa ba a gama tambayata na ba da amsa, na yi tsit.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne Baba zai tafi gida gaba ɗaya. An riga an buga masa huruj niha'i, wato bizar fita ba dawowa, jirginsa mako guda bayan wasan. Wannan ne wasansa na ƙarshe a duniya, don a Damagaram ba wanda zai tsaya masa da gora. Ya riga ya roƙi mahaifina ya ɗauke shi a waya tun daga jifan farko, saboda jikokinsa sun ƙi yarda kakansu yana wasan Turawa, sun ce ciyawa kawai yake yanka musu.

Ranar Talata da yamma, lokacin atisaye, Ramon ya manna takardar. Baba ba ya karanta boko. Ya tsaya gaban allon da bokitinsa, ya kira ni.

"'Yata, zo ki karanta mini."

Na karanta masa. Edwin mai jifa, Sha'aibu a benci.

Ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya ɗauki bokitin ya nufi tudu, ya durƙusa ya fara yayyafa ruwa yana daɓewa, yana gyara wa Edwin wurin taka ƙafa. Wannan ne ya ƙarasa ni. Na bi shi har tsakiyar fili, abayata na jan ƙasa.

"Baba, lambar nan ƙarya ce, kuma ni na rubuta ta. Ka fi Edwin nesa ba kusa ba. Yanzu zan je in gaya wa koci."

"Ba za ki je ba."

"Wasanka na ƙarshe ne fa!"

"Shi kuma Garba nan zai ci gaba da zama bayan na tafi. Ki je ki tona shi gaban baƙo, a cire shi daga tashar da ya kafa, ni in hau jirgi in bar shi da kunya? Na hana ki, Zuwaira."

Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Na ce masa to, ba zan je wajen koci ba, kuma ban je ba. Amma da na koma ofis na zauna da littafin a gabana, sai na ga wani abu da ban lura da shi ba duk watannin nan. Ni da Baba mun yanke wa Alhaji hukunci a bayan idonsa. Mun ɗauka ba zai iya ɗaukar gaskiya ba, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Washegari bayan la'asar na saka littafin a jaka na tafi gidansa, layi na uku a kamfawun. Hajiya, matarsa, ta shigar da ni falo. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi aiki, na tambayi yara. Iyakar haƙurina ke nan. Tun kafin shayi ya huce na buɗe littafin a gabansa.

"Alhaji, ka yi haƙuri, magana na zo da ita kuma ba daɗi gare ta ba. Waɗannan alamomin guda goma sha biyu ƙwallayen da suka faɗi daga hannunka ne. Baba Sha'aibu ya sa na rubuta su a kansa. Su ne suka hana shi jifa ranar Juma'a."

Ya ɗauki littafin ya kai shi kusa da fuskarsa, ya nesanta, ya sake kusantowa. Ba ya ganin alamomin. Duk mu ukun mun san ba ya gani.

"Ke 'yar yaushe ce," ya ce a hankali, "da za ki shigo gidana ki ƙirga mini?"

"Ni ma ban so ba, Alhaji. Amma gara ka ji a ɗakinka da ka ji a fili."

Hajiya ta ajiye kofin shayinta. Ta tashi ta jawo durowar da ke ƙarƙashin talabijin, ta ciro ɗan akwatin tabarau ta ajiye a kan littafin.

"Shekara guda ke nan da likita ya ba shi," ta ce da ni, ba da shi ba. "Wai kada Badamagare ya yi masa dariya."

"Tashi ki tafi," in ji Alhaji.

Na tashi. A hanya na tabbata na ɓata komai: Baba ba zai yi jifa ba, Alhaji ya yi fushi, kuma in maganar ta kai kunnen mahaifina sai na yi bayani da ƙafa ɗaya a waje. Ranar Alhamis ba abin da ya faru. Zogale ma bai zo ba.

Juma'a bayan an sauko, fili ya cika. Iyalai a kan tabarmi da kujerun roba, mutanen ɗaya masana'antar sun zo da bas biyu. Edwin yana can gefe yana ɗumama hannu. Baba yana zaune a ƙarshen benci cikin rigar ƙungiya da ya goge har da kari. Sai ga Alhaji Garba ya shigo ta ƙofar fili, da tabarau mai kauri a fuskarsa, an ɗaure shi ta ƙeya da robar wando.

Baba ya dube shi, ya dube shi, ya kasa riƙewa.

"La ilaha illallahu! Wa ya ara wa Bakano idon mujiya?"

Alhaji ko kallonsa bai yi ba. Ya tsaya gaban rumfata ya ce, "Zuwaira, ɗauko littafin ki biyo ni."

Muka je wajen Ramon. Alhaji ya buɗe shafin da kansa, kuma wannan karon yatsansa ya sauka daidai kan alamar farko. Ya ce, da Larabcinsa na sito, da ƙarfi yadda duk benci za su ji, "Koci, wannan nawa ne. Wannan ma nawa ne. Guda goma sha biyu, ni na yar da su. Ka cire su daga kan tsohon can."

Ramon ya bi alamomin ɗaya bayan ɗaya, kunnuwansa suna yin ja. Ya juyo kaina.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Wa ya ba ki izinin canza abin da ya faru?"

"Ba kowa. Ni na rubuta." Ban ambaci Baba ba, don fensirin a hannuna yake.

"Kuma kika zauna ina yabon littafin kika ƙyale ni?"

"Na ƙyale ka."

Ya miƙo mini fensir ya ce in sake lissafi a nan tsaye. Arba'in da takwas a cire sha biyu, talatin da shida. A raba da talatin. Ɗaya da ɗigo biyu. Ramon ya kira Edwin ya fara yi masa bayani yana neman kalmomi, amma Edwin ya katse shi da dariya.

"Koci, ai kowa ya sani. Littafin ne kawai bai sani ba."

Edwin ya je ya sa wa Baba ƙwallon a tafin hannu. Baba ya ƙi rufe hannun. Ya harare ni harara irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya fara cewa shi bai yarda ba, an riga an manna takarda. Sai Alhaji ya tsaya a kansa.

"Tashi ka hau tudun nan, bawana. Ni Bakano, a ce Badamagare ya goya ni wata uku ban sani ba? In labarin nan ya kai Kano da wane ido zan shiga gari?"

"Ai yanzu huɗu gare ka," in ji Baba, "ka zaɓi wanda za ka shiga da shi."

Benci ya fashe da dariya, har waɗanda ba su jin Hausa. Baba ya miƙe.

Ramon ya so ya cire Alhaji daga tashar. Kafin ya yanke ya ja shi gefe ya jefa masa ƙwallo goma masu zafi, Alhaji ya cafe tara. Ramon ya ce, "Yalla, tsaya a wurinka."

Ba zan ba ku labarin wasan zango bayan zango ba, yana cikin littafi, ku duba. Zango huɗu na farko mutum biyu kacal suka hau tasha. Matasan can masu ƙirji kamar ƙofar sito suna ta kai wa iska duka, suna komawa benci suna duba gorarsu kamar ita ce da laifi. Mahaifina yana bakin layi da waya a sama, hannunsa ya gaji ya ƙi saukewa.

A zango na biyar aka jefo wa Alhaji wata a ƙasa-ƙasa. Da ya kamata ya cafe. Ta doki safar ta gangara. Na ga Baba ya fara waiwayowa wajena don sabo, amma Alhaji ya riga shi. Ya ɗaga hannu sama ya kwarara murya har sai da mata suka juyo.

"Zuwaira! Nawa ne! Rubuta shi da biro!"

Biro na ciro a jaka na rubuta. Baba ya fitar da na gaba da jifa uku, zangon ya ƙare ba a ci mu ba.

A zango na shida ne wata ta kuɓuce wa Baba ta zo daidai tsakiya, ga mutum ɗaya a tasha. Mai bugu ya ɗaga ta har bayan katanga, maki biyu a take. Da haka aka tashi, su biyu mu ɗaya. Kofin ya tafi a bas ɗinsu. Da aka gama Baba ya biyo ta gaban rumfata, bai tsaya ba, bai dube ni ba, ya ce, "Wancan nawa ne. Kada ki sa wa kowa." Zango bakwai ya yi, mutum shida a kansa. Ko ɗaya a zango bai kai ba, ya fi duk abin da ya yi a kakar.

Ban tsira haka nan ba. Ramon ya kai maganar ga mudir, mudir ya yi mini gargaɗin baki, kuma aka sa na sake kwafe littafin kakar gaba ɗaya da biro, da kuskuren Alhaji goma sha uku kowanne a mazauninsa. Kwana uku na yi ina yi. Na kuma je na ba Edwin haƙuri, don shi ma na sa shi ya yi kwana uku yana murnar abin da ba nasa ba. Baba kuwa bai sake yi mini magana ba sai ana jibi zai tafi. Ya shigo ofis da ledar zogale mafi girma da ya taɓa kawowa, ya ajiye a kan teburina, ya ce, "Ke dai ba ki jin magana." Sannan ya sosa ƙeya ya ce in buga masa kwafin shafin da lambarsa take, zai tafi da shi.

To ga abin da nake so ku ɗauka. Lissafin Ramon mai kyau ne, har gobe da shi muke zaɓar mai jifa. Amma lamba ba ta fi hannun da ya rubuta ta gaskiya ba, kuma hannun nan naku ne. Za a zo muku a rumfar nan, kuma ba mugaye ne za su zo ba, mutanen kirki ne, da murya mai taushi, su ce ku rufa wa wane asiri. Ku sani a littafin nan babu inda kuskure yake ɓacewa. In kin ɗauke shi daga kan wani, kan wani kika ɗora shi. In kuma abin ya riga ya faru, kada ki tsallake mai shi ki kai ƙara sama. Ki je ki same shi a ɗakinsa. Dattawan nan sun fi ƙarfin yadda muke zato.

Alhaji Garba yana nan a tasharsa da tabarau, kun gan shi, kuma har yau in ya yar sai ya ɗaga hannu kafin in ɗaga biro. Baba kuma duk sallah sai ya kira wayar mahaifina daga Damagaram ya ce a ba ni. Takardar tana manne a bangon ɗakinsa, jikokin sun ɗauka sakamakon jarrabawa ne. Ba ya tambayar lafiyata sai ya fara tara su kusa da wayar, ina jin hayaniyarsu, sannan ya ce, "'Yata, gaya musu da bakinki. Nawa ne ma?"

In ce, "Ɗaya da ɗigo biyu, Baba."

Ya ce, "Kun ji ko? Kuma wannan ba ta iya ƙarya ba. Na gwada koya mata, ta kasa."